Wa'azin Umaru Ganda: fim ɗin soyayya da ya kawo ma Nijar Ingarman Yennenga

Cikin watan Maris na shekara ta 1972, masu aikin silima na ƙasashen Afirka sunka taru a Wagadugu, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta, wadda yau ake kira Burkina Faso. Karo na uku ke nan da anka yi wanga buki mai suna FESPACO tun da anka fara shi cikin 1969, amma a shekarar ne anka fara sa gasa, da alƙalai, da babbar kyauta. Kyautar ita ce Ingarman Yennenga, wato siffar wata ɗiyar sarki bisa doki, wadda Mosawa ke ɗauka ita ce kakarsu. Da alƙalai sunka gama shawara, sai sunka miƙa ta ga wani ɗan Nijar, Umaru Ganda, saboda fim ɗinsa mai suna Le Wazzou polygame.

Fim ɗin bai cika awa guda ba. Ba a kashe mashi dukiya mai yawa ba, kuma da Zabarmanci ƴan wasansa ke magana. Duk da haka shi ne na farko cikin jerin waɗanda sunka ci wagga kyauta, wadda babu kamarta a silimar Afirka. Tun daga ranar har zuwa bukin 2025, Maroko ta ɗauke ta sau 4, Mali sau 3, Burkina Faso sau 3, amma ba ta sake komowa Nijar ba. Yau samari da ƴan mata da yawa sun san sunan Umaru Ganda don gidan raya al'adu na Yamai da ke ɗauke da shi, ba su kuwa taɓa ganin aikin da ya sa anka girmama shi ba. Shi ya sa ya kamata a waiwayi fim ɗin, a ga abin da ya faɗa, da abin da anka faɗa kansa.

Sunan fim ɗin

Kalmar "wazzou" ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce wa'azi. Daga Larabci Hausa da Zabarmanci duka sunka aro ta. Sunan fim ɗin ke nan yana nufin wa'azin mai mata da yawa. Sunan yana da fuska biyu. Ta farko, mutumin da labarin ke kansa mai yi ma jama'a wa'azi ne, alhali halinsa ya saɓa ma bakinsa. Ta biyu, fim ɗin kansa wa'azi ne, wanda mai shi ya yi da hoto maimakon ya hau buzu. Wanda ya gane wagga magana tun daga suna, ya kama bakin zaren duk gardamar da ta biyo baya.

Wane ne Umaru Ganda

An haifi Umaru Ganda a Yamai cikin 1935. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa, anka kai shi yaƙin Indoshin, can ƙasashen gabas mai nisa. Da ya komo gida bai samu aiki ba, sai ya bi sawun dubban ƴan Nijar da ke tafiya cin rani bakin teku. A Abijan ya yi dako a tashar jiragen ruwa. Nan ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ke binciken zaman ƴan cin rani, wanda ya sa shi cikin fim ɗin Moi, un noir na 1958. Fim ɗin ya yi suna ƙwarai a Faransa, har ya ci kyautar Louis Delluc.

Amma wasa cikin fim ɗin wani daban yake da faɗin labarinka da bakinka. Da Umaru ya komo Yamai, ya koyi aikin riƙon kamara da tsara labari, sa'an nan ya fito da Cabascabo, labarin tsohon soja da ya komo daga yaƙi da kuɗi, abokai da mata sunka cinye su, sunka watse sunka bar shi. An nuna shi a bukin silima na birnin Kan a Faransa cikin 1969, a sashen da masu sharhi ke zaɓen fina-finan sababbin hannu, kuma ya samu yabo a Mosko cikin shekarar. Saboda haka lokacin da ya ɗauki aikin Wazzou cikin 1970, ba baƙo ba ne ga masu sharhin waje. Abin da suke jira su gani shi ne ko mutumin da ya iya ba da labarin kansa zai iya ba da labarin wasu.

Labarin

Wani magidanci mai hali ya komo daga Makka, jama'ar gari sunka tarbe shi, anka shiga kiransa Alhaji. Matansa biyu. Sai idonsa ya faɗa kan wata budurwa, Satu, wadda kowa ya san an yi ma wani saurayi, Garba, alkawarinta. Garba ba baƙo ba ne ga Alhaji, yaron arzikinsa ne. Wannan bai hana Alhaji aika neman aure ba. Iyayen yarinya sunka duba dukiya da sabon rawani, sunka duba saurayin da ba shi da komi sai alkawari, sunka zaɓi dukiya. Garba ya ga babu wurin kai ƙara, tun da waɗanda za shi kai ma ƙarar su ne sunka yi cinikin. Ya haɗa kayansa ya nufi birni da baƙin ciki.

A cikin gidan Alhaji kuwa wata wuta ce ke ci. Matarsa ta biyu, Gaika, wadda jiya ita ce amarya, ta ƙi yarda a kawo wadda za ta ture ta. Ta ƙudura kashe Satu cikin daren buki. To, al'ada ce ƙawaye su kewaye amarya a irin wanga dare. Cikin duhu hannun Gaika ya faɗa kan wata ƙawar amarya, yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Umaru Ganda ya nuna cewa a sha'anin auren dole ba kullum haka take ba. Wanda ya ja ruwan yana zaune da rawaninsa. Waɗanda ruwa ya doka su ne saurayin da ya bar garinsu, da budurwar da anka raba da wanda take so, da matar da kishi ya mai da mai kisan kai, da ɗiyar mutane da ta zo taya murna ta rasa ranta.

Soyayyar da ba ta da waƙa

Domin a gane yadda fim ɗin ya zo ma ƴan kallo, sai a tuna abin da gidajen silima ke nunawa a zamanin. Kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da kusan dukan gidajen silima da cinikin fina-finai a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Abin da suke kawowa shi ne na kaboyi daga Amurka, da na Masar, da na Indiya, waɗanda sun riga sun mai da kuɗinsu a wasu ƙasashe, don haka suna da araha. Fim ɗin ɗan ƙasa kuwa da wuya ya samu daren da za a nuna shi. Wannan na cikin dalilan da sunka sa Haute-Volta ta karɓe gidajen silimarta cikin 1970.

Mutanen Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa sun saba da soyayya irin ta Indiya. Sun san labarin talaka mai son ɗiyar mai kuɗi, da uban da ya hana, don abu ne da ke faruwa a unguwarsu. Amma a can ana rera waƙa, ana rawa cikin furanni, kuma sau da yawa ƙarshe yakan yi daɗi. Cikin Wazzou babu wanda ya zo da doki ya ƙwaci Satu. Garba bai yi dambe da kowa ba. Soyayyar tana nan, amma irin ta ƙauye ce, wadda kunya ke rufe ma baki, wadda ake gane ta daga abin da mutum ya rasa. Mai kallo da ya biya kuɗinsa don ya manta da wahalar gida, sai ya iske gidan nasu ne bisa bango.

Abin da masu sharhi sunka gani

Hukuncin alƙalan Wagadugu shi ne sharhi mafi nauyi da anka yi ma fim ɗin, kuma ana iya gane dalilansa. Na farko shi ne harshe. A lokacin ba a daɗe da fara yin fim cikin harsunan Afirka ba. Usman Samben na Senegal ya fito da Mandabi cikin harshen Wolof a 1968 kawai. Baƙauyen da ke neman aure da Faransanci abin dariya ne. Umaru ya bar mutanensa sunka yi magana yadda suke yi a zaure da bakin rijiya, da gaisuwarsu, da habaicinsu, da shirunsu.

Na biyu shi ne inda ya nufi bakin mashinsa. Shekara 10 bayan samun mulkin kai, abu mai sauƙi ne mai fim ya ɗora ma Nasara laifin kowace ɓarna, a tafa mashi. Cikin Wazzou ba Nasara ne ya raba Garba da Satu ba. Masu laifin na gida ne: mai kuɗi, da iyaye, da dattawan da sunka gani sunka yi shiru. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Umaru ya duba wanda ke ƙarƙashin ƙafar jama'arsa. Mustafa Alasan ya riga ya nuna yadda ake aure a ƙauyen Zabarmawa cikin gajeren fim ɗinsa Aouré na 1962. Shi ya nuna al'adar yadda take tafiya in ta yi kyau. Umaru ya nuna ta ranar da kuɗi sunka shiga tsakani.

Na uku shi ne cewa da wanga fim ya fita daga inuwar Jean Rouch. Akwai tsohuwar gardama tsakanin masu fim na Afirka da Turawa masu ɗaukar hoton al'adu. Samben ya taɓa zargin Rouch da cewa irinsu suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Wazzou ba kallon baƙo ba ne. Wanda ya yi shi ya san abin da ake faɗi bayan baƙo ya tafi.

Fim ɗin yana da rauninsa, kuma ba a kyauta ma mai shi ba in an ɓoye. Ƙarancin kayan aiki ya bar alama ga hoto da sauti. Gajartarsa ta sa labarin ke gudu, har wasu mutanen cikinsa sunka tsaya kamar misalai na wa'azi: ga mai kwaɗayi, ga mai kishi, ga wadda anka zalunta. Akwai kuma tambayar da mai kallo na yau, musamman mace, ba za ta rasa yi ba. Namiji ne ya ƙulla ɓarnar, amma hannun mace ne ya zubar da jini. Ashe wanga tsari ba zai sa mai kallo ya fita yana cewa kishi kumallon mata, ya manta da wanda ya hura wutar ba? Amsar da fim ɗin ke bayarwa ita ce Gaika ma abin tausayi ce. Ba ta da gona tata da za ta dogara gare ta, ba ta da murya cikin shawarar gidan, duk darajarta tana rataye ga idon miji. Ranar da idon ya kau, ƙasa ta tsage mata. Wannan bai wanke ta ba, amma ya nuna inda ciwon ya faro.

Gardamar gida

Tambayar da ta fi zafi game da fim ɗin ita ce ta addini. Mai ganin Alhaji cikin irin wanga hali yana iya cewa an ci mutuncin aikin hajji, an kuma tona asirin gida gaban baƙi. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as. Amma in an auna labarin da ma'aunin shari'a, ba fim ɗin ne ke da laifi ba. Musulunci ya halatta mace har huɗu bisa sharaɗin adalci. Ya hana mutum ya shiga neman aure cikin neman ɗan'uwansa. Ya kuma yi umurni a nemi yardar budurwa kafin a aurar da ita. Alhajin cikin fim ya riƙe halaccin, ya tsallake sharuɗɗan. Saboda haka abin da Umaru ya soka shi ne mai sa rigar addini don ya rufe son zuciya, kuma malaman ƙwarai sun daɗe suna sukar wannan a wurin wa'azi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bai ja da baya ba kuwa: cikin 1972 ya fito da Saïtane, inda wani malamin tsibbu ke shiga tsakanin matar aure da wani mai kuɗi.

Wadda ta fi kowa biyan kuɗin wagga gardama ita ce Zalika Sule, ƴar wasan da anka haifa a Yamai cikin 1947. Ta fara fitowa cikin fim ɗin Mustafa Alasan, Le Retour d'un aventurier, na 1966, ta fito cikin Cabascabo, da Wazzou, da Saïtane. Sau da yawa ita ake ba wasan mace mai mugun hali, don ita ce ke da ƙarfin zuciyar ɗauka. A zamanin da mutane da yawa ba su raba wasa da gaskiya ba, sai anka ɗora mata halayen da ta nuna. Ana tafa mata a bukukuwan ƙasashen waje, a gida tana shan zagi da tsegumi. Da silimar Nijar ta durƙushe, ta kai har ta tafi ƙasar waje tana aikin gida don ta ci abinci. Rahmatu Keita ta tattara labarinta cikin fim ɗin Al'lèèssi na 2004, wanda anka nuna a Kan cikin 2005. Zalika ta rasu a Yamai ranar 27 ga Yuli 2021. Zagin da ta sha shi ma irin nasa sharhi ne: yana nuna cewa wasanta ya shiga jikin mutane har sunka kasa yafe mata.

Hanyar da ya buɗe

Lokaci shi ne babban alƙalin kowane aiki, kuma ya goyi bayan alƙalan 1972. Cikin 1975 Samben ya fito da Xala, labarin wani Alhaji ɗan kasuwa na Dakar da ya ƙara mata ta uku, ƙarfinsa na namiji ya ɗauke a daren farko. Cikin 1976 Ingarman Yennenga ya tafi Kamaru saboda Muna Moto na Dikongué-Pipa: saurayi ya kasa biyan dukiyar aure, sai dattijon danginsa mai mata da yawa, wanda bai samu haihuwa ba, ya aure budurwar tana ɗauke da cikin saurayin. Cikin 1981 Djeli na ƙasar Kodibuwar ya ci kyautar da labarin budurwar da anka hana auren ɗan maroƙi. Cikin 1991 Tilaï na Idrisa Wedrawogo ya ci, inda saurayi ya komo daga tafiya ya iske mahaifinsa ya aure wadda anka yi mashi alkawari. Ba a ce duk waɗannan daga Umaru sunka koya ba. Abin lura shi ne cikin shekara 20, sau 4 babbar kyautar Afirka ta tafi ga labari iri ɗaya, na so da manya sunka tare ma hanya, kuma na Nijar ne a gaba. Haka marubuta littattafan soyayya da masu fim na Kano sunka ɗauki maganar auren dole da zaman kishiyoyi tun daga wajen 1990, jama'a kuwa ba su gaji da ita ba.

Umaru Ganda bai ga mafi yawan wannan ba. Bayan ya gama L'Exilé cikin 1980, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. Gwamnati ta sa sunansa ga gidan raya al'adu na Yamai, FESPACO kuma ta sa sunansa ga kyautar da take ba wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko.

Abin da ya rage

Maganar da fim ɗin ya tayar ba ta tsufa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da anka yi a Nijar cikin 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma fiye da ɗaya cikin uku na matan aure suna zaune da kishiya. Ba kowane auren wuri ne na dole ba, ba kuma kowane gida mai mata biyu ne ke cikin tashin hankali ba. Amma inda yarinya ba ta kai ta ce a'a ba, kuɗi ne ke magana a madadinta, kuma duk wanda ya zauna fadar sarki ko gaban alƙali ya san yawan ƙararrakin da ke fitowa daga nan.

Mafi yawan gidajen silima na da sun rufe. Fim kuwa abu ne mai lalacewa in an bar shi cikin gwangwani, zafi da ƙura na cinsa. Muna Moto ya samu masu gyara cikin 2019, anka wanke hotonsa da sautinsa, yanzu ana kallonsa ko'ina cikin duniya. Fim ɗin da ya riga shi cin kyautar ya cancanci irin wagga hidima, kuma magabatan da ke kula da al'adu su ne ya kamata su shige gaba. Bayan gyara, sai a sa mashi muryar Hausa, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, a kai shi telebijin, da gidajen matasa, da makarantun yaƙi da jahilci, inda iyaye maza da mata za su zauna su kalla, su yi gardama kansa bayan an kunna fitila. Ga su ne Umaru Ganda ya yi wa'azinsa, kuma har yanzu mafi yawansu ba su ji shi ba.